Makon da Aka Soke Harafin M

Asabar, 23 ga Nuwamba, 2024. Kolumbus, Ohayo

An gama da Indiyana a ƙwallon Amurka, 38 da 15. Sun zo da wasa goma a hannu, ba wanda ya kayar da su bana, sun koma da ciwo. A ɗakin Baba na kalla, maƙwabcinmu na ƙasa, tunda gwiwarsa ta hana shi hawa matakalar fili. Agogo na cika ya kashe talabijin. Ko murmushi babu. Ya ce, "Yanzu aka fara shekara."

Shekara shida ina garin nan, sai yanzu maganar ke shiga ta. Wasa goma sha ɗaya Jami'ar Jihar Ohayo ta buga, goma ta ci, ɗaya ya kuɓuce a Oregon da maki ɗaya tak, 32 da 31. Duk sharar fage ce a wurin mutanen garin. Asabar mai zuwa, sha biyun rana, Mishigan.

Ƙanina ya bugo daga Ann Arbor, garin Jami'ar Mishigan. Su ma sun lallasa Northwestern, 50 da 6. Shida ci, biyar faɗuwa. Ya ce, "Yaya, mu fa ba mu da abin asara." Muryarsa a sake. Wannan ne bai yi mini daɗi ba.

Lahadi, 24

Sanyi. Bayan la'asar na sauka in fitar wa Baba da shara, ya tsare ni da gwangwanin biskit. Cike da guntayen tikiti, kowanne da sakamakon wasan a bayansa, rubutun marigayiya matarsa. Mafi tsufa na 1968, lokacin yana ɗalibi: 50 da 14. Ya riƙe shi da yatsu biyu kamar zai karye.

Sai labarin Woody Hayes, karo na ban san adadi ba, kuma ban gaji ba. Kocin da ya riƙe ƙungiyar daga 1951 zuwa 1978, wanda ba ya son furta sunan Mishigan, sai dai ya ce ƙungiyar can ta arewa. Baba ma haka. Tun da na san shi sunan bai taɓa fita daga bakinsa ba.

A 1969 yaron Woody na da, Bo Schembechler, wanda ya buga masa ƙwallo ya kuma yi masa mataimaki, ya karɓi Mishigan. Shekararsa ta farko ya tare maigidansa a Ann Arbor, 24 da 12, ya katse wasa 22 da Ohayo ta jera ba faɗuwa. Daga nan shekara goma suna gwabzawa. Bo biyar, Woody huɗu, canjaras ɗaya.

Na duba gwangwanin ban ga na 1969 ba. Na tambaya. Ya ce ya je. Ya mayar da murfi.

Litinin, 25

Ɗalibai sun kwana suna aiki da jan salatef. Duk inda harafin M na Mishigan yake a harabar jami'a an soke shi. Allon titi, sunan gini, tashar bas. Ɗakin karatu na Thompson ya rasa na tsakiyarsa. Wani allon ma sai ka tsaya kafin ka karanta.

Da yamma 'yata ta shigo da jan biro. Akwai katin da ta rubuta wa uwarta, manne a firij tun watan Mayu. Ta soke M ɗin "Mama" duka biyu. Uwar ta ce, "Ni kuma me na yi?" Ta ce, "Mama, Asabar da daddare zan gyara miki."

Shekararta tara. Ranar da Ohayo ta ci Mishigan na ƙarshe, a 2019, 56 da 27, tana da huɗu. Ba ta tuna komai. A 2020 korona ta soke shi. Sai 42 da 27, sai 45 da 23 a nan gida, sai 30 da 24 bara. Waɗannan ukun ta sani, a ka. Ban koya mata ba.

Talata, 26

Na ba da jini da safe. Shi ma gasa ce tsakanin jami'o'in biyu tun 1982, wa zai fi tara leda. Wannan ɓangaren gabar ina son sa. Jinin zai je wa mutum, ba ruwansa da launin riga.

Bayan azahar na zagaya ta filin. Kofaton Doki suke ce masa, saboda siffarsa. A bakin kogin Olentangy yake tun 1922, yana cin mutum sama da 102,000. Yau ba kowa, sai masu sauke kaya daga manyan motoci da iska mai yanka kunne. Ranar bikin buɗe shi Mishigan ce baƙuwa, ta ci 19 da nema. Haɗuwar farko ma, 1897, 34 da nema. Raunin tun daga tushe ne.

Har kafin ƙwallo akwai tsohon miki. A 1835 Ohayo da Mishigan sun ja daga kan zirin ƙasar Toledo, kowa ya fito da mayaƙansa, ko da yake ba a yi yaƙin a-zo-a-gani ba. Ohayo ta tafi da Toledo, aka ba Mishigan yankin da ke ƙetaren tafki can arewa. A wurin aiki wani ya kawo mini wannan labari yau kamar jiya aka yi.

Zuwana da farko na ɗauka irin wasan Kanawa da Zazzagawa ne, a yi ba'a a sa hannu kwano ɗaya. Akwai hakan a ciki, ba na musu. Amma taubashi ba ya hana ka barci, ba ya raba mutum da aikinsa. John Cooper ya yi shekara 13 yana koci a nan, ya ci wasa sama da 100. Da Mishigan biyu ya ci, goma ya sha kashi, ɗaya canjaras. In ka ambaci sunansa a garin nan lambobin ukun za a fara ba ka.

Jiri kaɗan da daddare. Na kwanta da wuri.

Laraba, 27

Na kai Baba asibiti ƙarfe takwas. Hoto, ɗibar jini, jira, jira. Ba maganar gwiwa ba ce wannan. Sakamako sai bayan hutu.

A mota ya miƙo mini wayarsa. Tikiti yanzu a waya yake, ba takarda, ya ce shi ya kasa gane kanta. Kujeru biyu da yake riƙe da su shekara da shekaru. Minti ashirin muna fama a bakin gida kafin suka shigo tawa wayar. Ya ce, "Ɗaya naka. Ɗayar kujerar matata ce. Ka san wanda za ka zaunar."

Na yi godiya. Ban faɗa masa wanda ya faɗo mini a rai ba.

A rediyo ana ta maimaita maganar koci Ryan Day, cewa faɗuwa a wasan nan na cikin mafi munin abin da ya same shi a rayuwa, in aka cire rasuwar mahaifinsa da wasu 'yan abubuwa. Masu bugo waya sun ji daɗi. Ni tsoro ta ba ni. Kaya ya yi nauyi a kan mutum ɗaya.

Alhamis, 28. Ranar Godiya

Ƙanina ya iso kafin azahar, tafiyar awa uku da 'yan kai, ta Toledo. Ga M ruwan ɗorawa manne a bayan motarsa. Na ce ya juya bayan ya kalli bango. 'Yata ta ruga ta rungume shi, sai ta ga hular, ta ja baya. "Baffa, cire." Ya cire, ya cusa a aljihu.

Uwargida ta yi wa talo-talo yajin ƙuli irin na tsire. Muka sauka da tukwane ɗakin Baba. Ƙanina ya durƙusa ya gaishe shi, Baba ya rasa yadda zai yi da hannunsa, ya dafa masa kafaɗa. Bakin hular shuɗi ya leƙo daga aljihu. Baba ya gani.

Ba su jira an gama ci ba. Ƙanina cikin ladabi, amma ba ya barin ko ta kwana. Ya ce a lissafi su ke gaba, 61 da 51, canjaras 6, kuma kambun ƙasa na bara a hannunsu yake, wasa 15 ba faɗuwa. Baba ya ce da satar alamun 'yan wasa, ba don haka aka dakatar da kocinsu Jim Harbaugh wasa uku ba? Ƙanina ya ce ai yana dakace suka ci Ohayo. Shiru. Sai Baba ya ɗauko tsofaffin kocin Ohayo, Jim Tressel da Urban Meyer, wanda ya yi bakwai ba faɗuwa ko ɗaya, da wasan 2006, ta ɗaya da ta biyu a ƙasa, 42 da 39, washegarin rasuwar Bo. A nan muryarsa ta sauka. Ya ce ranar filin ya yi tsit don girmama mamacin, shi ma ya cire hula.

Ƙanina ya ce ko rubuta sunan jiha da makaɗa ke yi a fili, abin da Ohayo ke taƙama da shi, makaɗan Mishigan ne suka fara yi musu a 1932. Baba ya ce gaskiya ne, amma su suka iya.

Kan Jesse Owens kawai suka haɗu. Ɗalibin nan ne, baƙar fata, ba a ba shi wurin kwana a ɗakunan jami'a ba. Ranar 25 ga Mayu, 1935, a Ann Arbor, cikin minti 45 ya kafa tarihin duniya uku ya yi daidai da na huɗu. Shekara na zagayowa zinare huɗu a Balin, a gaban gwamnatin Hitila. Ƙanina ya ce yana wucewa ta allon tunawa da shi a filin Ferry. Baba ya ce ya kyauta da suka sa allon.

Nan na samu ƙofa. Na ce, "Baba, kujerar nan. Ƙanina nake so in zaunar."

Ya daɗe yana kallon farantinsa. Uwargida ta tashi ta hau tattara kwanuka. Can ya ce, "Ya zauna. Amma ban da shuɗi a kujerarta."

Juma'a, 29

Masallaci cike, yawanci Somaliyawa. A wajen takalma jajayen huluna sun fi goma. Wani saurayi ya ce mini gobe a sa su a addu'a. Da gaske yake.

Lissafin kowa ɗaya ne: Ohayo ta biyu a ƙasa, an ba ta rinjayen maki kusan 20. Will Johnson, gwanin tsaron Mishigan, ya daɗe yana jinya. Jifansu bana ba ya zuwa ko'ina. Ƙanina bai musa ba. Ya ce dai in duba tsakiya, Mason Graham da Kenneth Grant, in kuma tuna Ohayo ta rasa biyu daga manyan masu tare gaba, Josh Simmons tun Oktoba, Seth McLaughlin makon jiya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, in ji shi.

Tunanina na kan yaran da suka dawo. Jack Sawyer, TreVeyon Henderson, Emeka Egbuka, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, shi ya sa 'yata ta ce nata ne. Da sun so da tun bara sun shiga ƙwallon kuɗi. Duk ɗan wasan Ohayo da ya ci Mishigan ana ba shi ɗan ƙaramin wandon zinare, na maƙalawa a sarƙa. Al'adar tun 1934, da koci Francis Schmidt ya ce su ma 'yan Mishigan ƙafa ɗaya-ɗaya suke sa wando kamar kowa. Waɗannan tun 2021 suke nan, ba mai ko ɗaya. Gobe ce damar ƙarshe.

Na jera kaya a kan kujera. Safa biyu-biyu, wando kan wando, safar hannu. Na ba ƙanina baƙar rigar sanyina. Baba ya aiko da bargo ja, ya ce in ba shi labarin sanyi in na dawo, amma kada in kwatanta da 1950. Wasan dusar ƙanƙara ke nan, 9 da 3, Mishigan ta ci ba tare da ta taɓa cika yadi goma a jere ba, aka yi ta dukan ƙwallo sama har sau 45 tsakaninsu. Mahaifinsa na wurin.

Ƙarfe ɗayan dare. Barci ya ƙi. Ina jin ƙanina yana juyi a falo.

Asabar, 30. Da safe

Bayan asuba ban koma ba. Shayi. Sanyi ƙasa da sifili, numfashi kamar hayaƙi.

Lane Avenue ja daga farko har ƙarshe. Hayaƙin gashi, tsofaffi da sarƙar 'ya'yan itacen bakai a wuya. In wani ya ɗaga murya ya ce O-H, ɗaruruwa su amsa I-O. Na amsa. Ƙanina hannu a aljihu, kai ƙasa.

Baba ya bugo: mun shiga? Mun shiga. Kujerarta akwai ɗan tsagu a gefen lambar, ya ce in duba. Yana nan.

Da daddare

13 da 10.

Zan rubuta tun ban fara gyara shi a kaina ba.

Makaɗa suka rubuta Ohio, mai babban ƙaho ya taka ya ɗiga wa harafin i ɗigonsa, fili ya ɗauka. Mu muka fara, maki uku. Sai aka tare Mishigan dab da gida, murna ta tashi. Ba ta daɗe ba. Mai jifanmu Will Howard ya jefa, Aamir Hall nasu ya cafe, ya kawo ta yadi biyu da layi. Kalel Mullings ya tura ya shiga. Mai bugunmu ya ɓarar da ɗaya. Nasu, Dominic Zvada, daga yadi 54, ta ratsa tsakanin sanduna kamar an ja ta da zare. 10 da 3. Saura daƙiƙa 30 a tafi hutu Jeremiah Smith ya kama a gida. 10 da 10. Na ce to, yanzu an farka.

Azahar a lungu bayan matakala, kan kwali, ni da shi kafaɗa da kafaɗa. Mutane na wucewa da kofuna. Wata mata ta tsaya ta tare mana hanya har muka sallame.

Bayan hutu ba mu ƙara ko maki ɗaya ba. Ana ta tura ƙwallo tsakiya, tsakiyar da ƙanina ya ce in duba, ana ta karo da bango. Smith na gefe, ba a jefa masa. Mutumin da ke bayana ya yi ihu har muryarsa ta dushe. An sake cafe wa Howard. Caleb Downs ya ƙwato mana ita a yadi 16 na gidansu, muka ce shi ke nan, aka sake ɓarar da bugu, daga yadi 34.

Zubi na huɗu. Mishigan a bakin gida, mai jifansu Davis Warren ya jefa, Sawyer ya daka tsalle ya cafe a kan layi. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, siminti na rawa a ƙarƙashin ƙafa. Na rungume baƙon da ban sani ba. Na ce wandon zinarensa ke nan. Taku uku, muka mayar musu da ita.

Sai Mullings. An riƙe shi a baya, kowa ya ga an riƙe shi, ya zame, yadi 27. Daga nan agogo kawai suke ci. Saura daƙiƙa 45, Zvada daga yadi 21.

Mutum sama da 100,000, ka ji tarin wani daga can nesa.

Ƙanina bai yi ihu ba. Bai tashi ba. Hannayensa a cikin jan bargon Baba suna rawa, idonsa cike da hawaye, yana kallon ƙasa don kada mu haɗa ido. Da ya yi ihun da ya fi mini sauƙi.

'Yan wasanmu na can ƙarshen fili wajen waƙar jami'a, na Mishigan suka nufi tsakiya da tuta za su kafa a kan harafin O. Aka rugo. Naushi, hular kwano a ƙasa. Sawyer ya fizge tutar daga sandarta ya jefar. 'Yan sanda suka fesa barkono, yara manya-manya suna murza ido, na kowane ɓangare. Wajen minti biyar. Daga kujerun ɗalibai ana zagin koci da sunansa.

Ƙararrawar nasara da ke hasumiyar fili ba ta kaɗa ba.

Har gida ba wanda ya ce uffan. Fitilar Baba a kashe. Ban ƙwanƙwasa ba.

Lahadi, 1 ga Disamba

Ya tafi bayan karin safe. A bakin mota ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri." Na ce Allah ya kiyaye hanya. Na so in ce masa sun cancanta, don sun cancanta. Bakina ya ƙi. Ɗan'uwana ciki ɗaya, ni na goya shi zuwa makarantar allo, yau na kasa yi masa barka saboda wasan da ban san dokokinsa ba sai da na haura talatin. Abin ya tsaya mini a ƙirji duk yini.

'Yata ba ta fito sallama ba. Katin firij na nan yadda yake.

Hukumar gasar Big Ten ta ci kowace jami'a tarar dala 100,000. Ashe jiya ba a nan kaɗai ba, an yi rigimar tuta a Karolina ta Arewa da Fulorida ma. Ra'ayina: kafa tuta a gidan wanda ka kayar rashin kunya ne, kai naushi kuma ya ƙara wa faɗuwar muni.

Na mayar wa Baba bargonsa. Ya karɓa. Ya tambaya ko yaron ya sa shuɗi. Na ce a'a. Ya ce madalla.

Litinin, 2

Salatef ya fara ɓarewa, yana lilo a jikin alluna. Ba wanda ya cire. A bas ba mai magana. Wurin aiki ma haka.

Talata, 3

Jerin daren yau: daga ta biyu zuwa ta shida. Wasan kambun Big Ten ya wuce mu. Amma bana aka faɗaɗa gasar kambun ƙasa zuwa ƙungiya 12, ƙofa ba ta rufe ba. Na faɗa wa mutum uku haka yau. Ba wanda ya ɗago kai.

Rediyo daga safe har dare: a kori Day. Wasa 66 ya ci, 10 ya faɗi. Huɗu daga goman nan ne maganar. Shirin ranar Asabar bai yi ba, wannan kowa ya gani, ni ma na gani. Amma zagin da ake yi wa yaron da ya ɓarar da bugu biyu a intanet ya wuce hankali. Ɗan wani ne, da safe aji zai shiga kamar sauran ɗalibai. Na kashe rediyon a tsakiyar hanya.

Alhamis, 5

Asibiti sun kira Baba. Suna son sake wani hoton, 17 ga wata. Bai ce komai a kai ba, ni ma ban tona ba.

Ya ce in ɗauko gwangwani. Ba tikitin takarda bana, sai ya yanki bayan ambulan, ya rubuta kwanan wata da 13 da 10. Hannunsa ba ya tsayawa. Ya ce matarsa duk tana rubutawa, na daɗi da na ɗaci. Ya jefa ciki.

Na tambaye shi, in suka ɗauki kambun ƙasa a Janairu fa, zai wanke wannan? Ya ce zai yi murna. Na ce amma zai wanke? Ya ce in miƙo masa maganinsa.

Da na hau sama na buga wa ƙanina waya. Bugu biyu ya ɗauka. Na ce Mullings namiji ne, kuma tsakiyarku ta fi tamu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Na gode, Yaya." Muka koma maganar kuɗin da za a aika gida.

Asabar, 7

Oregon 45, Penn State 37, a Indiyanapolis. Can ya kamata mu kasance. Na kalli rabi.

'Yata ta sake wa uwarta sabon kati, M ɗinsa lafiya lau. Tsohon ba ta yar ba, na gan shi cikin littafinta.

Lahadi, 8

An fitar da jadawali da rana. Ohayo ta takwas, Tenesi ta tara, su za su zo. Wanda ya tsallake zai haɗu da Oregon a filin Rose Bowl ranar 1 ga Janairu. Ba a taɓa buga wasan ƙungiyar nan a Kofaton Doki a watan Disamba ba, in ji masu sharhi. Ana ta cewa mutanen gari da yawa za su sayar da tikitinsu don fushi.

Baba ya ce nasa ba na sayarwa ba ne. In an buɗe saye in zo mu sake fama da wayar. Ya ce wannan karon in tafi da yarinyar, a naɗe ta da kyau, dare ne.

Hotonsa Talata, 17. Wasan Asabar, 21, ƙarfe takwas na dare.